Daga Motar Kara Zuwa Robo

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, ɗalibi a jami'ar Maradi, ya gabatar a ranar bikin tunawa da kafa ƙungiyarmu a nan Dakoro



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu yau lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Malamaina, iyayena, shugabannin ƙungiya, yayyena da ƙannena maza da mata, ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya. Da anka ce mini in zo in yi magana, sai da na yi shiru, don a zauren nan akwai waɗanda sunka koya mini alif, akwai waɗanda sunka ja mini kunne ina yaro. Amma umarnin manya ba a ƙinsa. Ku yi mini haƙuri, yau maganata da ƙannena take, manya kuma su zama shaidu.

Zan fara da tambaya. Wane ne a cikinku bai taɓa haɗa motar kara ba? Ko ta waya, ko ta gwangwanin madara, wadda ake yanka tsohon silifa a yi mata ƙafafu? Na ga kuna dariya. Kowa ya yi. Mata ma kar ku ɓoye, na san akwai waɗanda sunka riƙa ƙwace ta yayyensu suna gyarawa ta fi ta da kyau. To ku tuna yadda abin yake. Kana zaune ƙarƙashin bedi bayan an yanke hatsi, ka zaɓi karan da bai rube ba, ka ɓare bayansa, ka auna da ido, ka soke da ƙaya. Ƙafa ta ƙi juyawa, ka kwance, ka sake. Ba wanda ya ba ka maki, ba wanda ya tilasta maka, amma kana iya wuni a kai har a aiko a kira ka cin tuwo.

Abin da na zo da shi yau ƙanen wannan motar ne. Bambancin kawai, wanga ba a jan shi da igiya. Ana rubuta masa umarni, ya tafi da kansa.

Mene ne robo?

A rediyo za ku ji ana cewa mutum-mutumi. Sunan nan ya jawo mana matsala, don da an faɗe shi sai hankali ya tafi ga wani dodon ƙarfe mai kai da hannuwa irin na fim. Wani dattijo a unguwarmu ya taɓa tsayar da ni ya ce, "Yaro, an ce gunki kake sassaƙawa a lakol." Na shiga ɗaki na ɗauko masa abin. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ga katako ne da ƙafafu biyu da wayoyi, babu fuska babu ido, ya ce, "Wannan ai amalanke ce." Ya yi gaskiya. Mafi yawan robo na duniya ba su da kamar mutum ko kaɗan: hannun ƙarfe ne a masana'antar mota, ko akwati mai ƙafafu. Hukuncin siffanta mai rai kuwa fagen malamanmu ne, ga su nan zaune, a tambaye su. Abin da ni nake haɗawa amalanke ce mai jin magana.

Kalmar robo kanta daga harshen Cek ta fito. Wani marubuci, Karel Čapek, ya sa ta a wasan kwaikwayonsa a 1920, daga kalmar da ke nufin aikin tilas. Mu da kakanninmu sunka ga aikin tilas na zamanin Nasara, wannan ma'anar ba baƙuwa ba ce gare mu. Robo na'ura ce da ake ɗora wa aikin da ke gajiyar da mutum.

Kowane robo, ƙarami ko babba, abu uku ne a haɗe. Akwai abin da yake ji da shi ko gani: na'urar da ke gane haske, ko zafi, ko nisa, ko damshin ƙasa. Akwai ƙwaƙwalwa, wato ɗan allo mai ɗauke da umarnin da ka rubuta. Akwai kuma gaɓoɓi: ɗan inji mai juya ƙafa, ƙararrawa, fitila, ko makunnin famfo. Ya ji, ya duba umarni, ya aikata, ya koma ya sake ji. Ku dubi yaron da ke kora shanu a bakin rijiya. Ya ji an yi masa kira cewa wasaki ta cika, ya kora. Ya ji an ce ta iso baki, ya tsaya ya juyo. Idan kun gane aikin yaron nan, kun gane robo.

Abin da ke cikin kwali

Ana sayar da kayan haɗin a kwali guda, kamar yadda ake sayar da kayan ɗinki. Akwai iri-iri. Kamfanin LEGO ya fito da nasa mai suna Mindstorms a 1998, makarantun Turai da Amurka sun daɗe suna koyarwa da shi, amma tsadarsa ta fi ƙarfinmu, kuma an daina yin sa a ƙarshen 2022. Wanda ya dace da aljihunmu shi ne Arduino. Wasu malamai ne a garin Ivrea na Italiya sunka ƙirƙiro shi a 2005 don ɗalibansu, sunka bar zanensa a buɗe, kowa na iya kwafa ya ƙera. Shi ya sa ake samun irinsa da araha har a kasuwar Sabon Gari ta Kano da shagunan Yamai.

Wanda aka fi farawa da shi sunansa Arduino Uno. Bai kai tafin hannu ba. Yana aiki da volt 5. Yana da ƙofofi 14 na kunnawa da kashewa, da wasu 6 masu auna yawan abu, su ba ka lamba daga 0 zuwa 1023. Wurin ajiyar umarninsa kilobait 32 ne kacal, hoto ɗaya na salularku ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Amma duk ƙanƙantarsa yana bugawa sau miliyan 16 a sakan ɗaya, kuma ba ya gyangyaɗi, ba ya cewa ya gaji.

A kwalin za ka tarar da allon gwaji mai huje-huje inda ake soka wayoyi ba tare da liƙi da dalma ba, da ƙananan fitilu, da injina biyu da ƙafafunsu, da gidan batir, da na'urorin ji. Umarnin kuma a kan kwamfuta ake rubuta shi, a tura ta igiyar USB. Wanda ba shi da kwamfuta kar ya karaya: akwai manhajar ArduinoDroid da ke aiki a salular Android, da ƴar igiyar da ake ce wa OTG. Ni kaina da salula na yi watannin farko. Ga ƙanana kuma akwai Scratch, wanda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, kyauta, inda ake jera umarni kamar tubali ba tare da rubutu mai yawa ba.

Allon da na ƙona

Bari in ba ku labarin kunyata, don kar ku maimaita ta. Shekarata ta farko a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo na tara kuɗin burs, na rage cin abinci a waje, na ba wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kano jika ashirin ya sayo mini kwali. Ranar da ya iso ban yi barci ba. Takardar bayanin da Ingilishi take, ni kuma Ingilishina na kolej ne. Na ce ai ba sai na karanta ba, hoto ya isa. Na ɗauki wayar inji na soka ta kai tsaye a ƙofar allon, na tura umarni. Ƙafa ta ɗan motsa, ta tsaya. Na sake. Na ƙara batir, cikin gaggawa na juya ja wurin baƙi. Sai na ji wari, irin na roba a wuta. Shi ke nan. Jika ashirin, dare ɗaya.

Da safe na kai wa wani mai gyaran salula a kasuwa, mutumin da ko firamare bai gama ba. Ya ɗora mitarsa a kai, ya dube ni ya ce, "Ɗan jami'a, ka ɗora wa jaki kayan raƙumi." Daga baya na duba lissafin: kowace ƙofa ta allon an yi ta ne don ta ba da kamar miliyamfa 20, ɗan injin nan kuwa yana jan ninkin haka sau goma ko fiye, balle in ƙafa ta maƙale. Shi ya sa ake sa wani ɗan allo a tsakani, irin L298N, shi ya ɗauki nauyi daga batir, Arduino kuma ya riƙa ba shi umarni kawai. Duk wannan yana rubuce a shafi na biyu na takardar da na raina.

Na koyi abu biyu ranar nan. Na farko, a karanta kafin a soka. Na biyu, ilimin wutar lantarki da nake nema a aji yana nan zaune a rumfar kasuwa, ni ne ban taɓa zama na tambaya ba.

Yadda ake yi wa ƙarfe magana

Da na samu allo na biyu, na haɗa robon da kowa ke farawa da shi: mai bin layi. Ka shimfiɗa farar takarda, ka ja baƙin layi da salatif, ka ɗora shi ya bi. Yana da ido biyu a ƙarƙashinsa, ɗaya hagun layin, ɗaya damansa. Kowane ido yana haska wani haske da idon mutum ba ya gani, ya jira ya dawo. Fari yana maido da haske, baƙi yana shanye shi. Ga umarnin gaba ɗaya, da Hausa:

Idan idon hagu ya ga baƙi, tsai da ƙafar hagu, ta dama ta ci gaba.
Idan idon dama ya ga baƙi, tsai da ƙafar dama, ta hagu ta ci gaba.
Idan duka biyun fari suke gani, ku tafi gaba.
Koma farko.

Ku lura da dalili. In idon hagu ya hau baƙi, layin ya karkata hagu ke nan. Ƙafar hagu ta tsaya, ta dama na turawa, dole robo ya juya hagu, kamar amalanken da saniya ɗaya ta tsaya ɗaya na ja. Wannan shi ne furogiram. Sauran duk fassara ce zuwa harshen da allon ke ji, kalmomi ne na Ingilishi da ba su fi ashirin ba a farko.

Ni ɗan lakol mai harshe biyu ne. Da Hausa na fara karatu da lissafi kafin Faransanci ya shigo, irin tsarin da ƙasarmu ta fara gwadawa a Damagaram tun 1973. A lokacin wasu na yi mana dariya, wai ƴan ajin Hausa. Yau ina gode wa Allah da malaman nan, don har yanzu duk furogiram ɗin da zan rubuta sai na fara tsara shi da Hausa a kaye. In na kasa faɗinsa da Hausa yadda ƙanwata za ta gane, to ni ma ban gane shi ba, na haddace ne.

Kuma ku sani, na'ura ba ta yi maka kara. Mutum in ka yi kuskuren magana zai gane nufinka ya wuce. Allon nan kuwa abin da ka rubuta shi zai yi, ko da shirme ne. Ka mance waƙafi ɗaya, ya ƙi tashi. Ka rubuta hagu wurin dama, ya bar layi ya nufi ƙofa. Ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Da farko abin yana ɓata rai, daga baya sai ka ga yana gyara maka hali: ka daina cewa "ai na yi daidai", ka koma cewa "bari in duba".

Dakoro ba ta cikin takardar bayani

Robona ya yi aiki lafiya lau a ɗaki a Maradi. Da na zo hutu na tara yaran gidanmu a tsakar gida da hantsi don in burge su. Na ɗora shi a layi, ya miƙe ɗoɗar ya faɗa cikin kwanon wanke-wanke. Yara sunka fashe da dariya, innata ta ce, "Wannan ne abin da ya hana ka barci?" Kwana biyu ina neman laifin a cikin furogiram. Ashe rana ce. Hasken rana yana ɗauke da irin hasken da idanun ke amfani da shi, kuma ranar Dakoro ta cika su har ba su bambanta baƙi da fari. Maganin bai ci ko dala ba: na yanka kwali na yi wa idanun zani ya rufe su daga gefe.

Wanda ya rubuta takardar bayanin bai san ranarmu ba. Bai san ƙurar hunturu da ke shiga haƙoran inji ba, bai san rairayin da ƙananan ƙafafun roba ke nutsewa a ciki ba. Ba laifinsa ba ne, don ɗakinsa ya rubuta. Wanda zai gyara abin ya dace da nan, sai ɗan nan.

Wannan ya kai ni ga aikin da na fi alfahari da shi, ko da yake ba shi da ƙafa ko ɗaya. Kun san yadda ruwa yake a ƙasarmu. Kun san zurfin rijiyoyinmu, kun san tsawon igiyar da shanu da raƙuma ke ja daga nan har Tarka. Amma sau nawa kuka wuce wani gida ko wata makaranta kuka ga tanki ya cika yana zuba ƙasa, don wanda ya kunna famfo ya tafi ya mance? A gidan kawuna haka ake yi kusan kullum. Sai na ɗauki na'urar auna nisa mai suna HC-SR04 na liƙa a murfin tankin tana kallon ƙasa. Tana fitar da ƙara mai kaifin da kunnen mutum ba ya ji, bugu 40,000 a sakan, ƙarar ta bugi ruwa ta dawo, kamar yadda jemage ke gane hanya da dare. Allon ya ƙirga lokacin tafiya da dawowa. Kowane santimita ɗaya na nisa yana cin kamar mikrosakan 58, wato kashi 58 cikin miliyan na sakan. In ruwa ya matso kusa da murfi, ƙararrawa ta yi kuka.

A nan ma garinmu ya nuna halinsa. Lambar 58 ɗin an lissafa ta ne da iska mai matsakaicin zafi, inda ƙara ke gudun kamar mita 345 a sakan. Amma gudun ƙara yana ƙaruwa da zafi, kusan mita 0.6 a sakan ga kowane digiri. A watan Afrilu, in zafi ya kai digiri 44, gudun ya haura mita 357. A tanki mai zurfin mita 2 kuskuren ya kusa santimita 7. Lissafin da na riƙa gudu a lise, ga shi ya biyo ni har kan tankin kawu. Bayan ƴan makonni kuma na'urar ta mutu, don gumin ruwa ya cinye ta da tsatsa. Sai da na nemo ƴar uwarta wadda ruwa ba ya shiga, JSN-SR04T. Yanzu tana nan tana aiki. Matar kawuna ta sa mata suna Mai Tsegumi.

Ba mu ne farau ba

Wani zai ce wannan wasan ƴaƴan Turawa ne. Ku saurara. A Bagadaza, wajen shekara ta 850, wasu ƴan uwa uku da ake kira Banu Musa, wato Muhammad da Ahmad da Hasan, sun rubuta littafi mai bayanin na'urori kusan 100, cikinsu har da mazubin da ke ƙara wa kansa ruwa in ya ragu. Wannan kakan Mai Tsegumi ne. A 1206 Isma'il al-Jazari, injiniyan fadar sarakunan Diyarbakir a ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa na na'urori 50: agogunan ruwa, na'urar zuba ruwan wanke hannu, da injinan ɗaga ruwa waɗanda dabba ko kogi ke juyawa. Abin da ya fi burge ni, bai ɓoye sirrinsa ba. Ya zana kowace, ya faɗi yadda za a ƙera ta gaɓa gaɓa don wani ya maimaita. Kalmar algoritim da muke ji a aji kuwa daga sunan al-Khawarizmi ta samo asali. A kusa da mu ma, Muhammad al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafin lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ban kawo sunayen nan don mu yi ta taƙama da kakanni ba. Taƙama ba ta cika tanki. Na kawo su ne don kar wani ya ce muku hannun musulmi ko hannun baƙar fata bai dace da wannan aiki ba.

A zamaninmu ma ga misali a gida. Abdou Maman Kané, ɗan Nijar, ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa daga nesa: manomi ya kira lamba da salularsa, famfon garkarsa ya tashi da wutar sola, ya sake kira ya tsaya. A 2015 anka ba shi babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hassan na Biyu, a Koriya ta Kudu. Ku buɗe cikin abin, ukun nan ne dai: ji, umarni, aikatawa. Ɗan Senegal Sidy Ndao ya kafa gasar robo ta matasan Afirka, wadda ake kira PARC. A gasar duniya ta FIRST Global da anka fara a Washington a 2017, ƴan matan Afganistan da matasan Gambiya sai da anka hana su biza da farko, daga baya anka ba su izinin shiga, sunka je da robonsu. Yara ne sa'anninku.

Gaskiyar da ba zan ɓoye muku ba

Kwalin nan ba ya ba da aiki. Ba zai ja ruwa daga rijiya mai gaba arba'in ba, ba zai sa damina ta yi kyau ba. Duk wanda ya ce muku za ku yi kuɗi da shi cikin wata uku, ku riƙe aljihunku. Abin da yake bayarwa shi ne hannu da ido: iya riƙe mita, gane inda wuta ta yanke, bin matsala daki-daki har a kamo ta.

Ku dubi garinmu yanzu. Faranti na sola a kan rufi, famfon sola a foraj, wuraren cajin salula, firjin allurar rigakafi a asibitocin ƙauye. Duk kayan nan sun shigo, kuma duk suna lalacewa. Na san wani ƙauye a arewacin nan da famfonsu ya tsaya fiye da wata guda ana jiran mai gyara daga nesa, mata sunka koma tafiyar awa biyu da jarka a kan jaki. Da ya zo, wata ƴar waya ce ta saki. Minti goma. Wannan watan guda shi ne abin da ke gabanmu. Ko dai mu zama masu jira, ko a samu ƴaƴan gari da za su iya buɗe akwatin ba tare da tsoro ba. Abokaina nawa munka yi firamare tare yanzu suna Libiya da Aljeriya da Legas, wasu shekara uku ba labari. Ban ce robo zai tsai da ci-rani ba. Amma wanda ke da sana'ar da gari ke nema, ko ya tafi da daraja zai tafi, ko ya zauna ba zai zauna a banza ba.

Abin da nake roƙo

Shugabanni, ga roƙona a gaban kowa. Cikin kuɗin karo-karo na bana a ware na kwali uku da mita ɗaya. A ba mu ɗaki mai inuwa da tabarma, yini ɗaya a mako, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Kowane kwali mutum huɗu: mai haɗawa, mai rubuta umarni, mai gwadawa, mai rubutawa a kaye, kuma kowane mako a juya. Kwali ɗaya na ƴan uwanmu mata ne, da lokacinsu da mai kula da su, kuma kar a mayar da shi abin aro ga maza. Su ne ke ɗaukar jarka in famfo ya mutu, sun fi kowa haƙƙin sanin cikinsa.

A gayyato masu gyaran salula da rediyo da masu walda na kasuwa su zama malamanmu, a girmama su kamar yadda ake girmama mai digiri. A daina jefar da mataccen rediyo da tsohuwar na'urar DVD, akwai injina da wayoyi da fitilu a ciki. A buɗe kaye ɗaya na kalmomi: duk abin da munka koya mu nemo masa suna da Hausa mu rubuta, don na baya su tarar.

Doka uku kuma ba sassauci. Ba mai taɓa wutar gida ta volt 220, aikinmu da batir ne. Batirin litiyom da ya kumbura ko ya huje ba a caja shi, ba a jefa shi wuta, don yana kamawa. Kuma duk wanda ya ƙona wani abu ya faɗa da bakinsa, ba duka ba tara, a rubuta a kaye yadda anka yi. Ni ne zan fara sa hannu a shafin nan, da allona na jika ashirin.

Ni kuma na ɗauki alkawari: duk hutun da na zo gida, yinin nan naku ne. In Allah Ya kai mu bikin baɗi, ina fata wanda zai tsaya a nan ba ni ba ne. Wata ƙanwata ce ko wani ƙanena, riƙe da abin da ya haɗa da hannunsa, ko da ya faɗa kwanon wanke-wanke a gaban jama'a.

Robon mai bin layi yana nan a bakin ƙofa, na shimfiɗa masa takarda a inuwa. In an tashi ku zo ku taɓa shi, ku ɗaga shi ku dubi cikinsa, ba ya cizo. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren nawa ne, malamai su gyara mini. Allah Ya yi wa ƙungiyarmu albarka, Ya jiƙan waɗanda sunka kafa ta da sunka riga mu, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.